Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa filash ke buɗewa da kansa a wata kwamfutar, ya ƙi a wata?

TAMBAYA: Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi a Ƙofar Kabuga, kuma yawancin masu zuwa wurina ɗaliban BUK ne da na FCE, kowa da filash ɗinsa. Kwamfutoci uku gare ni, duk na hannu, irin masu akwatin nan. Da aka ce Windows 10 ya daina samun gyara, sai ɗan yayata da ke karatun kwamfuta ya sa mini Linux a guda biyu, ya bar mini Windows 7 a ta ukun saboda CorelDRAW. Ɗaya daga cikin masu Linux ɗin, wadda ke nuna hoton ɓera idan tana tashi, ko na soka mata filash ba ta buɗe shi, sai na bi na lalubo shi da kaina. Ɗayar tana buɗewa da kanta, amma wani filash ɗin sai ta fito da dogon Turanci ta ƙi. Yaron kuma ya koma makaranta. Ana cikin haka wani maƙwabcina ya ce gara ma da ba ta buɗewa, wai buɗewar da kwamfuta ke yi da kanta ita ke shigo da bairos. Ina gaskiyar take, kuma yaya zan yi? Daga mai shago, Ƙofar Kabuga, Kano.

AMSA: Allah ya yi wa kasuwa albarka, Malam. Maƙwabcinka ya faɗi rabin gaskiya, kuma za mu zo kan maganarsa. Amma bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin akwatin nan daga lokacin da ka soka filash, domin idan ka gane shi, sauran duk za su warware maka.

Wanda ke fara jin shigowar filash shi ne ƙashin bayan babbar manhaja, abin da masu kwamfuta ke kira kanel. Shi zai raɗa wa baƙon suna irin nasa. Ma'adanar da ke cikin kwamfutar yawanci sda ce, filash ɗin da ya shigo sai ya zama sdb, ɓangarensa na farko kuma sdb1. A nan kwamfuta ta san da zuwansa, amma ko fayil ɗaya ba za ka gani ba. Sai an karanta tsarin da aka bi aka jera fayilolin da ke ciki, sannan a ɗora shi a kan wata folda da za ka iya shiga. Wannan ɗorawar ita ce ainihin tambayarka. Bayanta kuma akwai mataki na uku, wato a bar wata manhaja da ke cikin filash ɗin ta tashi ta fara aiki ba tare da kowa ya taɓa ta ba. A da can, idan baƙo ya iso ƙofa irin taku, Sarkin Ƙofa ya gan shi ya san daga inda ya fito, wannan abu ɗaya ne; a ba shi masauki a cikin gari abu na biyu; a sakar masa gida ya yi abin da ya ga dama kuwa wani zance ne dabam. Kai masauki kake so a riƙa bayarwa da sauri, shi kuma maƙwabcinka sakin gidan yake tsoro.

A Windows, ɗorawa ita ce ba filash harafi. Ka saba ganin E: ko F:, kuma dalilin da ya sa ma'adanar ciki ta fara daga C: shi ne tun zamanin faifan fulofi aka ware masa A: da B:. Linux ba ya amfani da haruffa. A nau'o'in Linux irin su Ubuntu da Mint da Debian, yawanci filash yana sauka ne a cikin foldar /media, ƙarƙashin sunan wanda ya shiga kwamfutar. A Fedora kuma /run/media. Aikin yana bi ta hannu da hannu: wata manhaja mai suna udev ta sanar cewa ga sabon kaya, wata mai suna udisks2 ita ke da ikon ɗorawa, polkit kuma ya duba ko wanda ke zaune gaban allon yana da izini. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne udisks2 ba ta ɗora komai don ra'ayin kanta. Jira take fuskar kwamfutar, wato manhajar da ke nuna maka foldoji da allon aiki, ta ce mata ɗora. Shi ya sa kwamfutoci biyu masu Linux za su zauna a shago ɗaya, ɗaya ta buɗe ɗaya ta yi shiru.

Hoton ɓeran da ka ambata ya sauƙaƙa mini aiki, domin alamar Xfce ce, fuska marar nauyi da ake sa wa tsofaffin kwamfutoci. Yaron ya yi dabara da ya zaɓe ta. A Xfce aikin ɗora filash yana hannun wata 'yar manhaja mai suna thunar-volman, kuma wasu nau'o'in Linux suna zuwa da ita a kunne, wasu a kashe. Shiga Settings, ka nemi Removable Drives and Media. A shafin farko za ka ga layin da aka rubuta Mount removable drives when hot-plugged, da na ƙasansa Mount removable media when inserted. Sa musu alama. Idan kana so foldar ta faɗo kan allo da kanta, sa wa Browse removable media when inserted ita ma. Layukan da ke maganar Auto-run da Auto-open kuwa, bar su fayau yadda ka same su. Daga nan buɗe Thunar, wato manhajar foldoji, ka shiga Edit, Preferences, Advanced, ka tabbata Enable Volume Management yana da alama. Idan ka nemi Removable Drives and Media ka rasa, ba a sa manhajar ba ne tun farko. Buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, ka rubuta sudo apt install thunar-volman, ka kashe kwamfutar ka kunna.

Masu Ubuntu na asali, mai fuskar GNOME, su kuma umarni ɗaya ya ishe su: gsettings set org.gnome.desktop.media-handling automount true. A Mint mai fuskar Cinnamon, zaɓin yana cikin Preferences na manhajar Nemo, a shafin Behavior. Abu ɗaya da ke ruɗa mutane a GNOME shi ne idan allon yana kulle ba za ta ɗora filash ba sai an buɗe. Da gangan aka yi haka, don kada wani ya zo bayan idonka ya soka abin da ya ga dama.

Kwamfuta ta biyu ita ce mai ɗan dogon bayani, tunda ita ta yi yunƙurin ɗorawa ne aka hana ta. Da ka turo mini Turancin da take fitarwa da na yanke maka hukunci kai tsaye, amma ina da yaƙinin a cikinsa akwai kalmomin wrong fs type, bad option, bad superblock. Saƙon yana da ban tsoro, sai ka ɗauka filash ya mutu, alhali sau da yawa lafiyarsa ƙalau.

Filash ɗin ɗalibai ba ya wuce tsari uku. Akwai FAT32, dattijon da kowace na'ura ke ganewa, sai dai ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4. Akwai exFAT, wanda Microsoft ta fito da shi a 2006, kuma da shi manyan memori masu wuce gigabait 32 suke zuwa daga kamfani. Shekaru da dama Linux bai iya karanta shi ba sai an ƙara masa wata manhaja, har zuwa watan Agustan 2019 da Microsoft ta saki bayanan tsarin a fili, aka shigar da shi kanel na 5.4 a ƙarshen shekarar. Ubuntu 20.04 da duk na bayansa suna karanta shi ba gardama, don haka in dai yaron bai sa maka tsohon yayi ba, wannan ba zai zama matsalarka ba. Na ukun shi ne NTFS, tsarin Windows na gida, kuma a kansa zargina ya fi ƙarfi.

NTFS yana da wata alama da yake sa wa kansa idan ana cikin rubutu a kansa, sai an gama lafiya ya cire. Ɗalibi yana cikin kwafar furojet ɗinsa a hostel wuta ta ɗauke, ko ya ga zai makara lacca ya fizge filash ya zura aljihu, alamar nan tana nan ba a cire ba. Windows idan ya ga irin wannan yakan buɗe, ya ɗan yi maka tayin gyara. Sabon direban NTFS na Linux kuwa, mai suna ntfs3, wanda ya shigo da kanel na 5.15 a 2021, ƙi yake yi ƙememe, don gudun kada ya yi rubutu a kan ɓarna ya ƙara ta. Ni ina ganin gaskiyarsa, ko da yake na san ba daɗi a ce layi ya taru a shago kwamfuta tana taurin kai.

Gyaran da ya fi inganci shi ne a mai da filash ɗin kan Windows ɗin mai shi, ba ta shagonka ba, a buɗe cmd, wato baƙin allon umarni na Windows, a rubuta chkdsk E: /f, a sa harafin filash ɗin a madadin E, a bari ya gama, a sauke shi ta hanyar da ta dace. Idan ba hali, a Linux ɗin rubuta lsblk -f. Zai jero maka duk ma'adanan da ke jone da sunayensu da tsarinsu, ka gane naka ta sunan da mai shi ya sa masa. Sannan ka rubuta sudo ntfsfix -d /dev/sdb1, ka sa sunan da ka gani a madadin sdb1. Ka lura da kyau a nan, kada ka kuskure ka rubuta sda. Kuma ka sani ntfsfix ƙananan gyare-gyare kawai yake yi ya share alamar. Ba ya maye gurbin chkdsk. Da zarar filash ya buɗe, ka ce wa mai shi ya kwashe kayansa ya ajiye a wani wuri tun da sauran dama.

Shi lsblk ɗin nan ka riƙe shi, domin shi ne alƙalin da ke raba gardama. Idan filash ya fito a jerin amma babu folda a gefensa, ɗorawa ce ba a yi ba, kuma udisksctl mount -b /dev/sdb1 zai ɗora shi nan take, ko ya faɗa maka dalilin ƙi. Idan bai fito ba sam, ba ruwan saiti. Gwada ramin bayan akwatin, domin na gaba su ke fara sakwarkwacewa a kwamfutar shago, ga ƙurar hunturu da ke cika su. In nan ma shiru, filash ɗin ne ya gaza.

To, mu dawo kan maƙwabcinka. Tsoronsa yana da asali. Tun Windows 95 Microsoft ta shigo da wani tsari mai suna AutoRun, don idan ka sa faifan CD manhajar da ke ciki ta tashi da kanta. Wani ɗan fayil mai suna autorun.inf shi ke gaya wa kwamfuta abin da za ta kunna. Da filash ya yawaita bayan shekarar 2000, masu ƙirƙirar bairos suka samu hanya a buɗe. A 2008 wani mai suna Agent.btz ya shiga kwamfutocin sojojin Amurka ta filash, har ma'aikatar tsaronsu ta hana amfani da filash a watan Nuwamban shekarar. Conficker, wanda ya ɓulla a ƙarshen 2008 ya kama miliyoyin kwamfutoci, shi ma ya yi amfani da wannan hanya. Microsoft ta toshe ta ga filash a Windows 7 a 2009, ta kuma tura gyaran ga XP da Vista a watan Fabrairun 2011. A 2010 aka gano Stuxnet, wanda ya lalata injinan tace yuraniyom na Iran a Natanz. Shi ko autorun.inf ba ya buƙata, buɗe foldar kawai ya isa, saboda wani rauni a yadda Windows ke nuna hoton gajerun hanyoyi. An toshe wannan a watan Agustan 2010, amma fa ga kwamfutar da ke karɓar gyara. Windows 7 ɗinka ya daina samun gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, kuma irin wanda ake sawa daga tsohon faifai a shago, sau da yawa ko gyaran baya bai taɓa sha ba.

Ka ga ke nan duk wannan tarihin na mataki na uku ne, kuma na Windows ne. Ɗora filash a Linux ba ya kunna komai da ke cikinsa, kuma bairos ɗin da aka rubuta don Windows ba ya tashi a can. Wanda ke damun shagunan Kano yau ma ba da kansa yake tashi ba, mutum ne ke tashe shi da hannunsa. Ka san shi: ɗaliba ta kawo filash, a buɗe a Windows, foldojinta duk sun koma masu 'yar kibiya a gindi, ta fara salati tana cewa aikin shekara ya tafi. Mai shago ya danna ɗaya don ya duba, foldar ta buɗe kamar gaske, a bayan fage kuma bairos ya shige kwamfutar, ya zauna jiran filash na gaba.

Soka wannan filash ɗin a Linux ka ga abin mamaki. Foldojin da aka ce sun ɓata suna nan, domin alamar ɓoyewa ce kawai ta Windows aka sa musu, Linux kuma bai damu da ita ba. A gefensu za ka ga 'yan fayiloli masu ƙarewa da .lnk, kowanne bai wuce kilobait ɗaya ko biyu ba, ɗauke da sunayen foldojin na gaskiya. Za ka iya ganin wani mai ƙarewa da .vbs ko .js mai suna kamar an watsa haruffa, wani lokacin har da folda marar suna kwata-kwata, wadda idan ka shiga za ka tarar an tattara kayan mai filash duka a ciki. Kwashe takardun gaskiyar zuwa kan kwamfutarka, ka wanke filash ɗin da exFAT ko FAT32 bayan mai shi ya yarda, ka mayar masa da kayansa. Wannan ma sana'a ce da za ka iya karɓar ɗan wani abu a kanta. Sai dai kada a wanke wa kwastoma filash da ext4, tsarin Linux na gida, domin Windows ba ya karanta shi, zai ce masa a sake wankewa.

Saboda haka shawarata ita ce filash ɗin baƙo kada ya taɓa mai Windows 7 ɗin nan. Duk wanda ya zo, a soka nasa a Linux. Takardar PDF a buga ta daga nan. Aikin da dole sai CorelDRAW, a kwafe fayil ɗin shi kaɗai zuwa filash ɗin shago, shi za a kai wa Windows. A kan Windows ɗin kuma shiga Control Panel, AutoPlay, ka zaɓi Take no action, sannan ka raba ta da intanet. Linux ba ya kamuwa da waɗannan bairos ɗin, amma yana iya dakonsu: takardar Word mai ɗauke da mugun makaro, wato umarnin da ake ɓoyewa a cikin takarda, ko fayil mai .exe za su ratsa ta cikinsa lafiya lau su isa inda za su yi ɓarna. Akwai ClamAV da ake sawa kyauta don tace irin waɗannan, ba ya kama komai da komai, amma ya fi babu.

Akwai kuma haɗarin da kashe ɗorawa ba ya maganinsa. A 2014 wasu masu bincike daga Jamus, Karsten Nohl da Jakob Lell, suka nuna cewa ana iya sauya wa filash hali ya gabatar da kansa a matsayin allon rubutu, ya shiga buga umarni da kansa. Irin wannan bai yawaita a shaguna irin naka ba, amma ya isa dalilin da zai hana ka soka filash ɗin tsintuwa. A wani gwaji da aka wallafa a 2016, an zubar da filash 297 a harabar Jami'ar Illinois a Amurka, kusan rabinsu sai da aka soka aka buɗe abin da ke ciki.

Ɗorawa tana faruwa da kanta, saukewa kuwa sai da hannunka, kuma a nan ne yawancin filash ɗin da ke zuwa maka da matsala suka samo ta. Kwamfuta takan riƙe wani ɓangare na abin da kake kwafa a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, ta riƙa zuba shi a hankali, musamman idan filash ɗin mai nawa ne. Layin kan allo zai iya cika alhali rubutu bai ƙare ba. Danna alamar Eject a gefen sunan filash ɗin, ka jira saƙon da ke cewa za a iya cirewa. In yana da 'yar fitila, bari ta daina ƙiftawa. Idan kuma za a sauya daga wutar gari zuwa janareta, a dakata da kwafa tukuna, ko ka samo wa kwamfuta ɗaya ƙaramin UPS, ita ta zama mai karɓar filash.

Ba ka tambaya ba, amma na san shago irin naka ba ya rasa babbar ma'adanar waje da ake tara ayyukan kwastomomi. Ita ba baƙuwa ba ce, gara a ba ta wuri na dindindin. Buɗe manhajar Disks, ka zaɓe ta, ka shiga Edit Mount Options, ka kashe User Session Defaults, ka sa alama a Mount at system startup. A wurin Identify As zaɓi wanda ya fara da UUID, lambar da ba ta canzawa, domin sdb na yau yana iya zama sdc gobe idan wani filash ya riga ta shiga. Ka kuma duba kalmar nofail tana cikin layin zaɓuɓɓukan. In babu ita, ranar da aka kunna kwamfutar ma'adanar ba ta jone, za ta tsaya a baƙin allo ta ƙi ƙarasa tashi.

Masu zuwa da waya da kebul su kuma nasu dabam ne. Wayar Android ba ta ba da kanta a ɗora kamar filash, wata hanya take bi mai suna MTP, don haka ba za ka gan ta a lsblk ba. Sai mai ita ya buɗe makullin allonsa, ya ja sanarwar USB daga sama, ya zaɓi File transfer. Idan an yi haka ba ta fito ba, sauya kebul, domin da yawa daga cikin masu arha na caji ne kawai, babu wayar ɗaukar bayanai a cikinsu.

Na ƙarshe shi ne filash ɗin da ke buɗewa lafiya, a kwafa masa kaya lafiya, washegari a tarar fayilolin sun zama shara. Sau da yawa jabu ne: an rubuta gigabait 64 a jikinsa, an kuma koya masa ya faɗa wa kwamfuta haka, alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, duk abin da ya wuce ainihin girmansa ɓacewa yake yi. A Linux akwai manhajar f3 da ke cika filash da bayanai ta sake karantawa ta faɗa maka girmansa na gaskiya, a Windows kuma H2testw. Idan za ka sari filash don sayarwa a shago, gwada ɗaya daga cikin kwalin a gaban mai kayan kafin ka biya.